Da Wane Mudu Za A Auna Lafiyar Mai Ciwon da Ba Ya Warkewa?

Idan ka shiga gidan da ake jinya, ka ce wa mai ciwo, "Yaya jiki?" ka riga ka san amsar tun kafin ya buɗe baki. Zai ce, "Da sauƙi." Ko da ya kwana bai runtsa ba, da sauƙi zai ce. Al'ada ce mai kyau, gama tana nuna haƙuri da sa zuciya, tana kuma rage wa mai gaisuwa nauyi. Ga ciwon kwana uku ba ta da wata illa, domin zazzaɓi zai sauka, mutum ya tashi ya kama harkarsa. Ga ciwon da zai zauna da mutum shekara talatin ko arba'in kuwa, wannan amsa takan zama katanga tsakaninsa da mutanen gidansa, su zauna tare da shi tsawon rayuwa ba su san halin da yake ciki ba.

Tambayar da ke gabanmu ke nan, 'yan'uwa. Mutumin da yake ɗauke da ciwon da ba a sami maganin da zai raba shi da shi ba, ana iya cewa yana lafiya? In ana iya, da wane mudu za a auna, wa kuma zai riƙe mudun? Domin kada mu yi ta magana a iska, bari mu ɗauki ciwo guda mu bi shi, wato kumburin hanji mai daɗewa.

Ciwon iri biyu ne. Na farko shi ne gyambon babban hanji, wanda likita Samuel Wilks ya bayyana a Landan a 1859. Yakan fara daga dubura ya hau sama, yana cin fatar cikin babban hanji, mai shi ya riƙa zawo da jini da majina, wani lokaci fiye da sau goma a rana. Na biyu shi ne cutar Crohn, wadda ta sami sunanta daga likita Burrill Crohn, wanda shi da abokan aikinsa biyu suka rubuta bayaninta a New York a 1932. Ita takan kama ko'ina daga baki har dubura, amma ta fi son ƙarshen ƙaramin hanji. Tana cin kaurin hanjin duka, har ta ƙuntata shi ko ta huda hanya zuwa wata gaɓa. Dukansu biyu daga garkuwar jiki suke tasowa: sojojin da ya kamata su tsare jiki su ne suke juyowa su ƙone hanjin da suke tsaro, bisa ga haɗuwar gado da ƙwayoyin halittar da ke zaune cikin hanji da yanayin zaman mutum. Ba a ɗaukar ciwon daga wani. Ya fi kama matasa, tsakanin shekara 15 da 35, daidai lokacin karatu da neman aiki da aure. Halinsa kuwa shi ne ya tashi, ya lafa, ya sake tashi. Wani ƙiyasi na shekarar 2017 ya sa yawan masu fama da shi a duniya kusan miliyan 6.8. An fi saninsa a Turai da Amurka ta Arewa, amma yana ƙaruwa a Asiya da Kudancin Amurka da Afirka. A wajenmu sau da yawa akan ɗauke shi atuni ne ko basir ko taifot, a yi shekaru ana shan maganin abin da ba shi ba ne.

Mudun likita

Likita yana da nasa mudu, kuma mudu ne na gaskiya. Yana auna jini ya ga ko ya ragu, ya ga alamun kumburi. Yana auna wani sinadari a cikin bayan gida da ake kira kalforotektin, wanda yakan hau sa'ad da hanji ya kumbura. Yana zura na'ura mai kyamara ya leƙa cikin hanjin da idonsa, ya gutsuro ɗan nama a duba. A 1976 likitoci a Amurka suka tsara wani lissafi domin cutar Crohn: mai ciwo ya yi kwana bakwai yana rubuta sau nawa ya yi zawo, yaya ciwon ciki, yaya ƙarfin jiki, sa'an nan a haɗa da nauyinsa da yawan jininsa da waɗansu alamu. Idan jimlar ta kasa 150, ciwon ya lafa; idan ta wuce 450, ya yi tsanani ƙwarai.

Kada kowa ya rena wannan mudu. Kumburin hanji yakan ci gaba a ɓoye ko da mutum yana jin daɗin jikinsa, kuma kumburin da ya daɗe a babban hanji yana ƙara haɗarin kansa. Shi ya sa likitoci sukan fara leƙa hanjin a kai a kai bayan kamar shekara 8 da fara ciwon. Wanda ya ce, "Ni dai ina jin garau, me zai kai ni asibiti?" yana wasa da ransa.

Duk da haka, wannan mudu hanji yake aunawa. Likitocin da kansu sun lura cewa abin da na'ura ta gani da abin da mutum yake ji ba kullum suke tafiya tare ba. Akwai wanda hanjinsa ya warke sumul a idon kyamara, amma gajiya ta hana shi sakat, ba ya zuwa biki, ba ya shiga mota mai dogon zango, domin tsoron kada ciki ya murɗa a inda babu ban ɗaki. Akwai kuma wanda aka cire masa babban hanji duka, aka buɗe masa ƙofa a jikin ciki yana ɗaure jaka, amma ya koma gona ko ofis, yana dariya da 'ya'yansa, yana cewa yanzu ne ya sami kansa. A cikin mutum biyun nan, wane ne ya fi lafiya?

Dwight Eisenhower, shugaban Amurka, an yi masa tiyata saboda cutar Crohn a watan Yuni na 1956, a watan Nuwamba na shekarar kuma aka sake zaɓensa. Shinzo Abe na Japan ya sha fama da gyambon babban hanji tun yana saurayi. Ciwon ya sauke shi daga kujerar Firayim Minista a 2007, ya dawo a 2012, ya zama wanda ya fi kowa daɗewa a kujerar, sa'an nan ciwon ya sake sauke shi a 2020. Ba wanda zai ce waɗannan sun warke, ba kuma wanda zai ce sun yi zaman kwance. Amma mu tuna, mutane ne da manyan likitocin ƙasarsu suke tsaye a kansu dare da rana, kada mu ɗauki labarinsu mu mai da shi bulalar dukan talakan da ya kasa tashi.

Hukumar Lafiya ta Duniya, a tsarin mulkinta da ya fara aiki a 1948, ta bayyana lafiya a matsayin cikakken jin daɗi na jiki da hankali da zaman jama'a, ta ce rashin cuta kaɗai bai isa ba. Ta yi daidai da ta faɗaɗa maganar. Inda ta sa mu cikin wahala shi ne kalmar cika. In sai abu ya cika za a kira shi lafiya, to mai ciwon hanji ba zai taɓa shiga sahun masu lafiya ba har ya mutu, haka mai ciwon sukari, haka mai hawan jini, haka mai sikila. Wa ma zai shiga? Saboda wannan ne a 2011 wata likita 'yar ƙasar Holan, Machteld Huber, tare da waɗansu masana, suka ba da shawara a riƙa duban lafiya a matsayin iyawar mutum ya daidaita da abin da ya same shi, ya kuma riƙe ragamar rayuwarsa. A ganina Bahaushe ya riga su kusa da nan, gama lafiya a bakinmu ta haɗa jiki da gida da hanya da gari. Mukan ce a sauka lafiya, a rabu lafiya, a zauna lafiya, ba kuwa maganar asibiti muke yi ba.

Mudu na biyu

A 1989 masu bincike a Jami'ar McMaster ta Kanada, tare da likita Gordon Guyatt, suka fito da wata takardar tambayoyi 32 domin masu kumburin hanji. Abin lura shi ne inda tambayoyin suka fito. An zauna da masu ciwon ne aka tambaye su abin da ya fi damunsu, daga amsoshinsu aka tace tambayoyin. Goma sun shafi hanji, biyar sun shafi sauran jiki kamar gajiya da barci, goma sha biyu sun shafi zuciya, biyar sun shafi cuɗanya da mutane. Ana tambayar mutum game da mako biyu da suka wuce: ko ya fasa zuwa wani taro saboda cikinsa, ko tsoron rashin samun ban ɗaki ya dame shi, ko ya ji kunya, ko ya ɓata tufafinsa. Kowace amsa tana da maki daga 1 zuwa 7, jimla daga 32 zuwa 224.

Wani zai ce, yaya za a sa kunya a kan sikeli? Gaskiya ne, lamba ba za ta ɗauke dukan abin da ke zuciyar mutum ba. Amma dubi abin da takardar ta yi. Ta karɓi mudu daga hannun likita ta miƙa wa mai ciwo, bisa ga abin da iyayenmu suka faɗa, mai ɗaki shi ya san inda yake masa yoyo. Ta kuma yi tambayoyin da ba za a iya amsa su da "da sauƙi" ba. Wannan ya fi muhimmanci a ciwon hanji fiye da sauran cututtuka, domin ciwo ne na abin da ba a faɗa a gaban mutane. Mai ciwon ido kowa ya gani, mai karaya kowa ya tausaya. Mai zawo da jini kuwa, yakan yi wanka ya sa riga mai kyau ya zo sujada, a ce masa ya yi kyau, alhali ya ƙi karyawa da safe domin kada ciki ya tashe shi a tsakiyar wa'azi. Mukan ce labarin zuciya a tambayi fuska. A wannan ciwo fuska ba ta ba da labari.

Me yake riƙe mutum?

Akwai wani masani da ya juya tambayar gaba ɗaya. Sunansa Aaron Antonovsky, an haife shi a Amurka a 1923, ya koma Isra'ila a 1960, ya koyar a jami'ar da ke Biyer-sheba, ya rasu a 1994. Wajen 1970 yana nazarin lafiyar mata masu matsakaicin shekaru a Isra'ila, cikinsu akwai waɗanda suka tsira daga sansanonin azaba na 'yan Nazi. Ya tarar kashi 29 cikin ɗari na waɗanda suka tsira suna da lafiyar hankali mai kyau, a kan kashi 51 na matan da ba su shiga sansanin ba. Kowa zai dubi ratar da ke tsakanin lambobin biyu. Shi kuwa ya tsaya a kan 29 ɗin, ya ce, yaya aka yi mace ta bi ta cikin wannan wuta ta fito da hankalinta? Likitanci ya saba tambayar abin da ke kawo cuta. Shi ya fara tambayar abin da ke kawo lafiya. A koyarwarsa, ba a raba mutane gida biyu, masu lafiya da marasa lafiya. Hanya ɗaya ce doguwa, kowa yana wani wuri a kanta, muddin yana numfashi kuwa akwai sauran lafiya a jikinsa da za a iya ƙarawa.

A littattafansa na 1979 da 1987 ya bayyana abin da ya gano a wurin masu jimrewa, wato jin cewa rayuwarsu a haɗe take, ba a warwatse ba. Suna gane abin da yake faruwa da su. Suna ganin akwai abin da za su kama su fuskance shi, ko a hannunsu ko a hannun waɗanda suka amince da su. Suna kuma ganin rayuwar ta cancanci wahalar da ake sha dominta, wannan na ƙarshe kuwa shi ya ɗauka mafi nauyi. Ya tsara tambayoyi 29 na auna wannan, da gajeruwarsu mai 13. An gwada su a kan masu kumburin hanji a Norway da waɗansu ƙasashe, aka ga waɗanda makinsu ya fi yawa sun fi jin daɗin rayuwa, gajiya da damuwa kuma ba su cika danne su ba.

A nan ne ya kamata mu taka a hankali, domin akwai rami. Irin wannan bincike yana nuna abu biyu suna tafiya tare, bai nuna wanne ya haifi wanne ba. Mai yiwuwa ƙarfin zuciya ne ya rage gajiyar, mai yiwuwa kuma gajiyar shekaru ce ta cinye ƙarfin zuciyar. Likitanci ya taɓa faɗawa ramin nan. A tsakiyar ƙarni na 20 an yi ta koyar da cewa gyambon babban hanji daga halin mutum yake fitowa. A 1950 Franz Alexander, likitan ƙwaƙwalwa a Chicago, ya sa shi cikin cututtuka bakwai da ya ce rikicin zuciya ne tushensu. Aka riƙa binciken ƙuruciyar masu ciwon da zamansu da iyayensu mata, jini kuwa yana zuba. Sai a 1955 Truelove da Witts a Ingila suka nuna da gwaji cewa maganin kotison yana kwantar da ciwon, a 2001 kuma aka gano ƙwayar gado ta farko da ke da hannu a cutar Crohn, yanzu an san wurare fiye da 200 a cikin gadon ɗan Adam da suka shafi kumburin hanji. Damuwa tana iya tsananta ciwon, amma ba ita ta kawo shi ba.

Mu ma muna da namu irin wannan rami, sai dai da kalmomin ibada muke haƙa shi. Mukan ce wa mai ciwo bangaskiyarsa ce ta kasa, ko akwai zunubin da bai furta ba, ko wani ne a dangi ya sa masa hannu. Abokan Ayuba sun yi kyau kwana bakwai da suka zauna shiru tare da shi. Da suka fara bayyana masa dalilin wahalarsa ne suka ɓata. Mafi muni shi ne a ce wa mutum ya zubar da magani domin ya nuna ya gaskata an warkar da shi. Ciwon da halinsa ne ya lafa na watanni ya dawo yana da saurin ruɗin mutane: a yi addu'a, ya lafa, a ba da shaida, a daina magani, bayan wata shida ya dawo da ƙarfi, mai shi kuma ya ji kunyar komawa ya faɗa. Addu'a da magani ba kishiyoyi ba ne. Haka kuma bai kamata a matsa wa mai wannan ciwo ya shiga dogon azumi tare da jama'a ba tare da shawarar likitansa ba.

Abin da na ɗauka daga Antonovsky shi ne, abubuwa ukun nan ba a cikin ƙirjin mai ciwo kaɗai suke tsiro ba. Shi da kansa ya lissafta kuɗi da ilimi da dangi da al'ada da addini cikin abubuwan da suke gina su. Saboda haka idan aka auna mai ciwo aka ga makinsa ya yi ƙasa, gidansa da ikkilisiyarsa da ƙasarsa aka auna tare da shi.

Ɗauki ganewa. Mutumin da ya yi shekara biyar ana ce masa atuni ne, yana shan magani ba ya ji, ba yadda zai gane abin da ke damunsa. Zawo da jini da ya wuce 'yan makonni, tare da rama da ƙarancin jini, yana bukatar likitan ciki da hanji, irin waɗanda ake samu a asibitocin koyarwa. A ƙasarmu dole a bambanta cutar Crohn da tarin fuka na hanji, gama suna kama da juna ƙwarai, maganin da yake danne garkuwar jiki kuwa yana iya hura wutar tarin fuka. Ranar da aka ba ciwon sunansa na gaskiya, ko da sunan mai nauyi ne, mutane da yawa sukan ji an sauke musu kaya, domin yanzu sun san abin da suke yaƙi da shi.

Iyawa kuwa, yawancinta kuɗi ne da ban ɗaki, ko da ba ma so mu faɗa. Akwai magunguna masu riƙe ciwon: mesalazin da salfasalazin, azatayofirin, da allurai na zamani irin su infiliksimab da aka amince da shi domin cutar Crohn a Amurka a 1998. Firedinisolon yana kashe wutar da sauri, amma ba a zama a kansa, domin yana cin ƙashi, yana kawo sukari da hawan jini, ba a kuma yanke shi farat ɗaya. Magungunan ciwon jiki irin su ibufurofen da dikulofenak, waɗanda muke saya a kemis kamar gyaɗa, suna iya tayar da ciwon. Taba sigari tana tsananta cutar Crohn. Tun da yake mafi yawan kuɗin jinya a Nijeriya daga aljihun mai ciwo yake fita, iyalin da suka haɗa hannu suna sayen maganin wata wata sun yi abin da ya fi kwandon lemu a ranar da aka kwantar da shi. Mun iya gudunmawar rana ɗaya, ta biki da ta makoki. Gudunmawar shekara ashirin ce ba mu saba da ita ba. Game da ban ɗaki, a jihar Illinois ta Amurka sai da aka kafa doka a 2005 da ta tilasta wa shaguna su bar masu irin wannan ciwo su shiga ban ɗakin ma'aikata, bayan an hana wata yarinya mai cutar Crohn har ta ɓata jikinta a cikin shago. Mu ba ma bukatar doka kafin mu duba ko masai na majami'armu yana da ƙofa da ruwa, ko kuwa a kulle yake mabuɗin yana aljihun wani da ya tafi gida. Haka nan a wurin biki, idan ɗan'uwa ya ce ba zai ci wannan ba, a ƙyale shi. Babu abinci guda da ya dace da dukan masu ciwon, kowa ya san abin da cikinsa yake karɓa.

Ma'ana ita ce muka fi saurin ƙwace wa mutum, da sunan tausayi. Da zarar an san yana ciwo sai a sauke shi daga ƙungiyar mawaƙa, a karɓe littafin kuɗin zumunta daga hannunta, a ce ya huta. Hutun da ba a roƙa ba yakan gaya wa mutum cewa an gama da shi. Gara a tambaye shi abin da zai iya, a sa masa mataimaki domin ranakun da ciwon ya tashi, a bar masa aikinsa.

Maganar aure ta fi wuya, gama a nan ne gaskiya da tsoro suke karo. Iyaye sukan ɓoye ciwon 'yarsu domin kada mai nema ya gudu, asirin kuwa ba ya wuce watan farko a ɗaki ɗaya. Ya kamata wanda zai aura ya sani tun kafin a ɗaura, ya kuma san dukan gaskiyar, har da ɓangarenta mai daɗi: ciwon ba ya yaɗuwa tsakanin miji da mata, yawancin 'ya'yan masu ciwon ba sa gadonsa, mata masu shi kuma suna ɗaukar ciki su haihu lafiya, musamman idan cikin ya shiga a lokacin da ciwon ya lafa. Akwai magani ɗaya, metotireksat, da dole mace ta daina shi watanni kafin ta nemi ciki domin yana lahanta jariri, yawancin sauran kuwa likita yakan ce a ci gaba da su, domin tashin ciwon a lokacin goyon ciki ya fi maganin haɗari. Zama ɗaya na saurayi da budurwa a gaban likitan da yake duba ta, kafin a sa rana, zai amsa yawancin tambayoyin da dangin miji suke raɗa a bayan ido.